Baki Ya Riga Murya: Ɓarnar Da Ake Yi Tun Kafin A Kunna Kyamara

Duk mai bibiyar finafinan Hausa masu dogon zango, a YouTube ne ko a akwatin talabijin, ya taɓa cin karo da wannan abin haushi. Uwa tana yi wa ɗanta faɗa, ta rufe baki, amma kalmar ba ta iso kunne ba sai bayan ƙiftawar ido. An bugo ƙofa, ƙarar ta biyo baya kamar wadda aka aika. A farkon shirin da ƙyar a lura, kafin a kai tsakiya kuwa baki ya yi gabas murya ta yi yamma, sai ka ce fassarar fim ɗin Indiya ake kallo, alhali jarumin da Hausar Kano yake magana. Ɗan kallo ba ya ɓata lokaci wajen yanke hukunci: masu sautin nan ba su iya aiki ba. Furodusa ma haka yake cewa, tunda a hannun mai haɗa sauti fim ɗin ya kwana na ƙarshe. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Galibin wannan saɓani ba a sitidiyon sauti ake haifarsa ba. Ana haifarsa ne ranar da aka fita lokeshan ba tare da wani ya yanke hotuna nawa za a riƙa ɗauka a kowane sakan ba, ya yi girma a kan teburin edita, sannan ya fito fili ranar da aka fitar da bidiyo aka miƙa wa mai sauti babu ko layi ɗaya na bayani. Shawara ce da ba a yanke ba, kuma yanke ta haƙƙin mai fim ne.

Kafin a yi nisa, a fahimci abin da ake haɗawa. Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ake wucewa da su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Kowane ɗaya ana ce masa firam, kuma yawan firam ɗin da ke wucewa a sakan guda shi ne gudun hoton. Sauti ba ruwansa da firam. Na'ura tana gutsura shi ne sau dubbai a sakan, kuma a aikin fim sau 48,000 aka tsayar, yayin da faifan CD na waƙa yake kan 44,100. Abin da ke ɗaure waɗannan baƙi biyu wuri ɗaya shi ne taimkod, lambar nan mai gida huɗu, ta awa da minti da sakan da firam, wadda masu talabijin a Amurka suka fara aiki da ita a ƙarshen shekarun 1960 don su daina laluben wurin yanka a kan kaset. Kowane firam da lambarsa, kamar gidaje a kan layi. Sai dai ga inda mutane da yawa ke tuntuɓe: taimkod ba agogon bango ba ne, ƙidayar firam yake yi. Idan ka ce masa firam 25 ne sakan, sai ya cika 25 zai ce sakan ya yi. Idan ka ce 24, a 24 zai juya. Saboda haka edita da mai sauti za su iya kallon lamba iri ɗaya a kan kwamfutocinsu, kowa ya rantse yana daidai, alhali wurare biyu dabam suke nufi.

Dalilin da ya sa lambobin suka yi yawa tarihi ne, kuma yawancinsa ba namu ba ne. Sinima ta tsaya a kan 24 tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fim ya fara magana, domin murya ba ta jure a riƙa sauya mata gudu. Talabijin kuma ya bi bugun wutar lantarki. Inda wuta ke bugawa sau 50 a sakan, kamar Turai da Indiya da ƙasashenmu, aka samu 25. Najeriya da Gana suka ɗauki tsarin PAL, Nijar ta bi SECAM na Faransa, dukkansu kuwa 25 ne. A Amurka wuta sau 60 take bugawa, sai suka samu 30. A 1953, da suka zo shigar da launi cikin talabijin ɗinsu, suka ga siginar launi za ta yi karo da ta sauti, sai suka rage gudun da ɗaya cikin dubu, 30 ta koma 29.97. Don a iya nuna finafinan sinima a wannan tsari, 24 ma aka ja ta baya ta zama 23.976. Wannan gyaran dole da injiniyoyin wata nahiya suka yi wa matsalarsu sama da shekaru saba'in da suka wuce, shi ne yau yake zaune cikin kyamarorin da ake haya a Kano da Kaduna da Jos. Ƙananan kyamarori da yawa suna rubuta 24 a fuskarsu, amma 23.976 suke ɗauka. Wayar hannu kuwa daga kwali a kan 30 take fitowa. To a ce babbar kyamara tana kan 25, ta biyu da aka aro tana kan 23.976, an ɗauko hoton gari daga sama da jirgi marar matuƙi a kan 29.97, an kuma cike wani gurbi da waya. Fim ɗaya ke nan da agogo huɗu, kuma ba wanda ya zaɓi ko ɗaya daga cikinsu.

Wani zai ce ɗaya cikin dubu ai ba komai ba ne. A lissafa. A awa guda ya zama sakan 3.6, a shirin minti 45 ya zama sakan 2.7. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a 1998 da ke nuna cewa mutum yana fara gane saɓani idan murya ta riga hoto da kashi 45 cikin dubu na sakan, ko ta makara da kashi 125. Mun fi haƙuri da makara domin haka duniya ta saba mana: mai daka a can ƙarshen layi, sai ka ga taɓarya ta sauka kafin ka ji luguden. Amma murya ta riga baki, wannan kunne bai san shi ba, nan take yake tsarguwa. Firam ɗaya a gudun 25 kashi 40 ne cikin dubu na sakan, wato kuskuren firam biyu kacal ya isa a gani idan muryar ce a gaba. Da zamewar ɗaya cikin dubu, kafin minti ɗaya ya cika an kai wannan iyaka idan sautin ne ke gudu, kafin minti uku kuma idan shi ke jan ƙafa.

Abin da ya fi ƙarfafa mini hujja shi ne, irin zamewar da kanta tana faɗin sunan ubanta, in dai za a tsaya a auna. A duba wuri uku: farkon fim, tsakiyarsa da ƙarshensa. Idan tazarar iri ɗaya ce a duka ukun, gudu lafiya lau yake, mafari ne ya saɓa. Wataƙila edita ya fara daga sifiri mai sauti kuma daga awa ɗaya, ko an manna tambarin kamfani a gaba bayan an riga an aika sauti, ko an matse sautin bidiyon jagora, wato wanda aka miƙa wa mai sauti, zuwa AAC, wanda kan ƙara ɗan shiru kamar na firam guda a goshi, ko ma ana saurare ne da lasifikar Bluetooth mai jinkirinta. Wannan ja ɗaya ake yi ya hau. Idan kuwa tazarar tana ƙaruwa a hankali, sai a raba ta da tsawon lokacin. Rabin sakan da ɗan ɗoriya a minti goma, rikicin 23.976 da 24 ne, ko 29.97 da 30, ko kuma an cakuɗa ƙidayar nan ta Amurkawa mai tsallake lambobi biyu a kowane minti ban da na goma da wadda ba ta tsallakewa. Sakan biyu da ɗoriya a kowane minti, an karanta 24 a matsayin 25. Sakan biyar a minti, ga muryar dattijo ta sirance kamar ta yaro, an kunna sautin 44,100 a kan 48,000 ba tare da an juya shi ba. Idan kuma tazarar ba ta da alƙibla, yanzu gaba anjima baya, to a nemi hoton waya, domin waya tana sauya gudunta da kanta idan haske ya ragu ko ta ɗau zafi, don ta tsimi batir da wuri. Na yarda mai sauti ma yana iya buɗe shafin aikinsa a kan gudun da ba shi ba, kuma wanda ya karɓi aiki bai tambaya ba yana da nasa kason laifin. Amma a dubi jerin nan da kyau: kusan duka abubuwa ne da suka faru kafin aikin ya shigo ƙofarsa.

Shi ya sa nake ganin miƙa fim daga edita zuwa mai sauti ya kamata a ɗauke shi kamar miƙa amana a gaban shaidu. Da farko a rufe hoto, wato darakta ya ce ya gama yanka, ya kuma tsaya a kan maganarsa. Sannan a fitar da bidiyon jagora a kan ainihin gudun da aka tace fim ɗin, tsayayye ba mai sauyawa ba, da taimkod a ƙone a jikin hoton ta yadda ko wace na'ura aka buɗe shi lambar tana nan ido na ganinta. Gara a fitar da shi a ProRes ko DNxHD, masu adana kowane firam cikakke, da a matse shi irin matsin da ake yi wa bidiyon intanet, wanda kan sa manhajar sauti ta yi ta kame-kame wajen tsayawa a kan firam. A haɗa da fayil ɗin AAF mai ɗauke da kowane yankin murya a mazauninsa, da rarar sakan kaɗan a kai da gindi don mai sauti ya samu abin kamawa, da kuma asalin sautin lokeshan a WAV. Sai tsohuwar dabarar da ba ta taɓa tsufa ba: ɗan ƙara mai tsawon firam ɗaya tak, tare da alama a hoto, sakan biyu cif kafin fim ya fara, da wani irinsa bayan ya ƙare. Idan na farko ya hau na ƙarshe ma ya hau, duk abin da ke tsakani ya hau, kuma minti ɗaya ya isa a tabbatar. Abu ɗaya da bai kamata a yi ba shi ne tura bidiyon jagora ta WhatsApp a matsayin bidiyo, domin manhajar sake matse shi take yi yadda ta ga dama, kuma abin da ya isa can ba shi ne ya bar nan ba.

Wane gudu za a zaɓa? Ga fim ɗin da za a yi a ƙasar Hausa don masu kallon ƙasar Hausa, ban ga abin da ya kai 25 ba. Tashoshinmu, daga NTA zuwa Arewa24 da ta fara watsa shiri a 2014, gadon tsarin 25 suka ci, don haka fim zai shiga ba sai an taɓa shi ba. Fitilunmu da wutar 50 suke ci, kuma wanda ya ɗauki ɗaki mai dogon ƙwai a kan gudun 30 ya san layukan nan da ke rarrafe a bango. Janareta ma 50 ɗin aka gina shi ya bayar, ko da yake na unguwa ba kullum yake cika alkawari ba. Lissafinsa kuma ba ya barin saura: gutsuren sauti 1,920 cif a kowane firam, awa ɗaya ta taimkod awa ɗaya ce ta agogo, babu tsallake lamba, babu ɗigo da ragowa. Idan ana son jan hoto a hankali a wurin rawa, a ɗauka a kan 50 a raba biyu, ya zauna daram.

Ƙorafi na farko da za a kawo shi ne 24 ce ke ba fim kamannin sinima. Akwai gaskiya a tarihin maganar, amma tsakanin 24 da 25 firam ɗaya ne, kuma ban yarda akwai ɗan kallon da zai raba su da ido ba. Turawan Ingila sun shekara da shekaru suna yin wasannin talabijin masu tsada a kan 25, ba wanda ya ce sun yi kama da bidiyon biki. Kamannin sinima daga haske yake zuwa, da gilashin kyamara, da tsara abin da ke cikin hoto. Duk da haka, wanda ya nufi gidajen sinima na waje ko bukukuwan finafinai, ya ɗauki 24 ta gaskiya, ya tabbatar ba 23.976 ce ta sa rigarta ba, ya tsaya a kanta daga ranar farko zuwa ta ƙarshe. Idan daga baya tasha ta nemi 25, sai a juya kammalallen fim sau ɗaya, hoto da sauti tare, kamar yadda Turai ta daɗe tana yi wa finafinan Amurka: fim ɗin awa biyu ya ragu da minti huɗu da sakan 48, murya ta ɗan ɗaga sama sai an mayar da ita. YouTube kuwa da kansa yana ba da shawarar a ɗora bidiyo a gudun da aka ɗauke shi, kuma 25 na cikin waɗanda yake karɓa. Faɗana ba da 24 ba ne. Da rashin zaɓi ne, inda hoton da edita ya fara jawowa cikin Premiere Pro shi ke yanke wa fim ɗin gaba ɗaya hukunci, ko da na waya ne.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko nauyi: ai manhajojin yanzu suna daidaita komai da kansu. Gaskiya ne Premiere Pro da DaVinci Resolve za su karɓi hoton 30 a cikin aikin 25 ba gardama, kuma suna iya haɗa sautin rikoda da na kyamara ta hanyar kwatanta zanen muryar. Amma a san me suke yi. Don hoton 30 ya zauna a 25, ana zubar da firam ɗaya cikin kowane shida, ko a narka su cikin juna, shi ya sa wani lokaci kyamara na juyawa hoton yana ɗingishi. Manhajar rufa asiri take yi a cikin gidanta. Da zarar an fitar da aikin zuwa Pro Tools ko Nuendo ko Cubase, wata manhaja ce dabam da ba ta san alkawarin da aka yi a can ba, sai lambobin da aka ba ta. A nan ne ɓoyayyen yake fitowa. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: mai sauti ya zauna yana tura murya da hannu, jimla bayan jimla, yana kallon leɓe yana canka. Kwanakin da ya kamata ya kashe wajen share ƙarar janareta da kukan babur, da gina sautin kasuwa da na tsakar gida, sun tafi a gyaran abin da bai kamata ya lalace ba. Fim ɗin zai fita baki ya hau da ƙyar, amma sautin fayau babu gishiri, kuma ba wanda zai danganta wannan da wancan.

Sai maganar kuɗi da lokaci. Ba na raina ta. Tun da kasuwar faifai ta rushe, masana'antar da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990 ta koma rayuwa a kan shiri mako-mako, ana ɗauka ana tacewa ana saki, wani lokaci duka a cikin kwana bakwai. Ƙananan akwatunan taimkod irin su Tentacle Sync, da ake maƙala wa kyamara da rikoda don agogonsu ya zama ɗaya, da kuɗin waje ake sayensu, kuma ba kowane furodusa zai iya ba. Amma kusan duk sauran abin da na lissafa kyauta ne. Duba saitin kowace kyamara da safe kyauta ne. Tafi ɗaya a gaban kyamara kafin a fara sin, inda babu allon kaɗawa, kyauta ne. MediaInfo, da ke faɗin ainihin gudun kowane fayil da ko mai sauyawa ne, kyauta ake sauke ta, haka HandBrake da ke mayar da hoton waya tsayayye kafin a fara yanka. Wayar iPhone ma tana da wurin da ake buɗe mata tsarin PAL ta ɗauka a kan 25. Gaggawar da ake kafa hujja da ita, ita ce babbar hujjata: mai wata shida a hannu yana da sararin gyara kuskure, mai kwana bakwai ba shi da shi, kuma kuskuren da aka gina cikin shirin farko zai bi kowane shiri har zangon ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai masu cewa 'yan kallonmu ba su damu ba, tunda suna kallon fassarar Indiya-Hausa inda baki da murya ba su ko gaisa. Wannan kwatanci bai zauna ba. Mai kallon fassara ya san ɗan Mumbai ba ya jin Hausa, ya shiga da yardarsa, wani lokaci ma saɓanin na cikin abin dariyar. Amma idan Bahaushe ne ke magana da Hausa, idon mai kallo yana karanta leɓe ko bai yi niyya ba, kuma harshenmu cike yake da baƙaƙen da sai leɓe ya haɗu ake furta su. A ce Baba, a ce Mama, a ce ɓarawo, kowa ya ga lokacin da baki ya rufe. Ga kuma waƙa, wadda ita ce jarin finafinanmu tun farko: a sitidiyo ake rera ta, jarumi ya hau kanta da baki a lokeshan, kuma duk daɗinta ya rataya a kan ɗan kallo ya manta cewa muryar ba tasa ba ce. Firam uku sun isa su tuna masa. Rashin rubuto ƙorafi ba shaidar gamsuwa ba ne, domin mai waya a hannu ba ya ƙorafi, gaba yake wucewa.

Gyaran bai fi ƙarfin takarda ɗaya ba, kuma akwai waɗanda za su iya sa ta zama al'ada. Ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN da ƙungiyoyin editoci da masu ɗaukar hoto za su iya amincewa da ita, tashoshin da ke sayen shiri su sa ta cikin sharuɗɗan karɓa, makarantu irin su Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos su riƙa yaye ɗalibai da ita a aljihu. Furodusa ya cike ta kafin a ɗauki sin na farko: gudun hoto kaza, sauti 48,000, taimkod zai fara daga awa ɗaya, ga sunan wanda zai duba kowace kyamara da rikoda kullum safiya. Kwafi ɗaya wurin mai ɗaukar hoto, ɗaya wurin edita, ɗaya wurin mai sauti. A ƙasanta kuma a bar fili don abin da kowa ya san zai faru duk da an ce an rufe hoto, wato darakta ya farka da dare ya ce a cire masa wani kallo da jaruma ta yi. Idan an cire, edita ya rubuta a wace lamba aka yanka da firam nawa suka fita, ya sake fitar da bidiyon jagora da sabon kwanan wata a sunansa, ya kira mai sauti ya faɗa masa da baki kafin ya tura.